Gaisuwar Teburin Bakin Taga

Da zarar sabuwar akawun ta rubuta sunanta da lambar sirri, sai kwamfutar ta ɗan yi nishi, ta haɗa kanta da firinta, ta buɗe ma'ajiyar takardun ofis. Daga nan wani ɗan akwati ya bayyana a kusurwa: "Barka da zuwa, hasken ofis. Kin karya kuwa?"

Ta leƙa kwamfutar maƙwabciyarta, babu akwati. Da ta tambaya, matar ta ce ai duk aikin injiniya ne. Shi ya rubuta umarnin da ke shirya wa kowa kwamfutarsa da ya shiga, ba sai an bi tebur-tebur ba. Sai kuma ta kau da kai, ta kama lalube a jaka.

To, akawun nan bazawara ce, ta manta rabon da wani ya tambaye ta ko ta sa wani abu a bakinta. Ta fara zuwa da wuri, har da ɗan kwalli. Shi kuwa injiniya ko kallon teburinta na bakin taga ba ya yi, in zai wuce sai ya zagaya ta bayan kabad. Ta ce a ranta, bawan Allah, kunya ce. Yayarta ta kawo mata maganar wani mai shago, ita kuwa ta ce a ba shi haƙuri.

Ranar Litinin aka sauya kwamfutoci. Ta shiga, firinta ta haɗu, takardu suka buɗe, akwati bai zo ba. Ta fita ta sake shiga. Shiru. Zuciyarta ta karye.

Ta same shi a ɗakin na'urori, durƙushe cikin wayoyi.

"Malam, laifin me na yi aka daina gaishe ni?"

Ya ɗago a rikice. "Wace gaisuwa, Malama?"

Ta karanto masa ita da ka. Sukudireba ta suɓuce daga hannunsa. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska.

"Malama, ki yafe mini, na zaci na goge komai tun bara. Ashe da kwamfutar teburin na ɗaura saƙon, ba da sunan mai shiga ba. Nan matata take zama kafin ta rasu."