Yatsan Inna a Wayar Baba

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta.

Ranar da aka binne wani dattijo a Tudun Wada, dangi suka ce a ɓoye wa 'yarsa, tana Legas da tsohon ciki. To, ita ta zaɓa masa manhajar da ke tura mata bugun zuciyarsa kullum safe in ya ɗora yatsa a wayarsa. Sai uwar, tana takaba, ta riƙa ɗora nata yatsan a wayar.

'Yar ta kira a gigice: "Inna, zuciyar Baba sai tsallake take yi! A kai shi asibiti yau!"

"Barci yake, 'yar nan. Ke dai ki sauka lafiya."

Ta kuwa sauka lafiya, namiji, ya ci sunan kakansa. Inna ba ta kai ranar suna ba.