Jan Kifi a Langar Mama

A shagon ɗinkin Baba da ke Malali akwai akwatin gilashi da yake kiwon ƙananan kifaye a ciki. Wata rana bayan la'asar na tarar ya ajiye almakashi, ya tsura wa wani jan kifi ido.

"Zo ka gani," ya ce. "Ka ga farin ɗigo-ɗigon nan a jelarsa, kamar an barbaɗa gari? Ga shi yana goga jiki da dutse. Ƙaiƙayi ke damunsa."

Ni dai kifi kawai na gani yana iyo.

Ya aike ni na ɗauko langar Mama, ya cika ta da ruwan randa da ya kwana, don na famfo warin magani yake yi. Ya narkar da ɗan gishiri, ya sa kifin shi kaɗai.

"Baba, ya aka yi ka san ba shi da lafiya?"

"Ai ba ya iya faɗa. Dole mai shi ya zauna ya lura."

Yau shanyewar jiki ta ɗauke wa Baba magana. Kullum bayan la'asar nakan jawo kujera kusa da gadonsa, in zauna in lura.