Dariyar da Na Yi a Kan Dutse

Tun safe muke hawan dutsen, ni da ƙanwar abokina, sauran 'yan tafiyar sun yi mana nisa. Jakarta na bayana, silifas ɗina ya tsinke na ɗaure da leda, amma bakina bai huta ba. Har akuyar da muka wuce sai da na durƙusa na yi mata gaisuwar surukai.

Da muka kai ƙololuwa ta zauna a kan wani falalen dutse tana haki. Na miƙa mata gorar ruwa.

"Ina so in turo manya gidanku," na ce.

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai dai Shaƙiyyi, Allah ya shirye ka!"

Ban taya ta ba. Ta daɗe tana dubana, sannan ta sunkuyar da kai tana murza murfin gorar.

"Makaranta ka bari, gyaran waya ka bari. Ko dutsen nan tun daga gindinsa kake cewa mu koma."

"Ai ga shi na hau."

"Don ina gaba ne. Ni kuma ba zan ƙare rayuwata ina jan mutum ba." Ta miƙe ta zare jakarta daga kafaɗata. "Don Allah ka yi dariya, mu ce wasa ne, mu sauka yadda muka hau."

Na yi mata. Wallahi ban taɓa yin mai ƙarfinta ba, har duwatsun suka dawo min da ita. Ta wuce gaba da jakarta, ni kuma na tsaya ina gyara ledar silifas ɗina, alhali ba ta kwance ba.