Duwatsun Mai Tuta

Kubura, tunda kin ce gobe za ki je ɗaukar hotunan garinmu, zauna in ba ki wani misali ki tafi da shi a zuci.

An yi wani dattijo da ya yi aikin jirgin ƙasa a ƙuruciyarsa, shi ne mai ɗaga tuta a mahadar hanya ta wani ƙauye da ke gefen birni. Tsufa ya kwantar da shi a gidan 'yarsa, can nesa, har ya kwana huɗu ko kunu ba ya karɓa. Likita ya duba ya ce babu wata cuta, zuciya ce ta yi sanyi. Magana ɗaya tsohon yake ta maimaitawa: yana so ya ga wurinsa. Ƙafa kuwa ba za ta kai shi ba. Sai 'yar ta ce to, in shi ba zai je ba, ita za ta kawo masa wurin har kan gado. Ta cika wayarta da caji, ta shiga mota, ta sauka a ƙauyen bayan la'asar, rana ta yi laushi, bangaye sun yi jajir kamar an shafa musu manja. Kai, murna! Ashe birni ya riga ya haɗiye ƙauyen. Ga benaye masu fenti, ga ƙofofin ƙarfe, ga tankin ruwa a sama, ga makaranta da yara suna ta tsalle a ƙofarta. Tana tafe tana dariya ita kaɗai, ƙyas nan, ƙyas can, tana faɗi a ranta gobe Baba zai ga yadda Allah ya ɗaukaka garinsu. Hanyar da take bi kuwa tsohon layin dogo ne, wanda jirgi ya daina bi tun tana goye. Ƙarafan sun yi tsatsa, ciyawa ta fito tsakaninsu, awaki sun kwanta a kai, mata sun baza shanyar kuɓewa da tattasai. Duk lokacin da tsatsar nan ta leƙo cikin hoto, sai ta ɗaga wayar sama kaɗan ta yanke ta, wai kada ran tsoho ya ɓaci.

Tana cikin ja da baya don wani bene ya shiga hoto gaba ɗaya, sai ji ta yi ta taka shanyar wata tsohuwa. Kunya ta rufe ta, ta durƙusa tana tattara kuɓewar tana gaisuwa, kuma wannan ce gaisuwar farko da ta yi wa wani tun saukarta. Tsohuwar ta ƙura mata ido, ta tambaye ta 'yar gidan wa ce. Da ta faɗa, sai tsohuwa ta tafa hannu: "Ke 'yar Mai Tuta ce? Shi ne kika tsaya ɗaukar gidajen baƙi? 'Yar nan, ubanki ko bulo ɗaya bai sani ba a cikinsu!" Ta kama hannunta ta ja, tsohuwa har da ɗan gudunta, don rana ta kusa faɗuwa. Suka bi dogo suka wuce gidaje, suka tsaya gindin wata tsamiya. A ƙasa ga duwatsu a jere, da ɗan lanƙwasa wajen gabas. Masallacin da ubanta ya yi da hannunsa ke nan, don kada salla ta wuce shi yana tsaron jirgi, kuma har ranar makiyaya suna salla a ciki. Gefe ga guntun bututun ƙarfe a kafe, inda yake soke tutarsa. Hasken da ya rage bai fi na hoto uku ba. Ta ɗauka, na ukun da tsohuwar a tsaye tana gyara ɗankwali.

Washegari da hantsi 'yar ta isa gida, ta zauna bakin gadonsa tana nuna masa. Benaye suka wuce ɗaya bayan ɗaya, shi dai yana kwance, sai ya ce, "Madalla. Garin su wa ne?" Da tsamiya ta fito, sai ya fizge wayar, ya tashi zaune ba wanda ya tallafe shi. Ya sa yatsa yana ƙirga duwatsun, ya ce an ƙara biyu, nasa daga rafi ya ɗebo su a ka. Ya ga tsohuwar ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce mai furar tasha ce, wadda ludayinta ba ya cika. Yana cikin dariyar ya waiga ya ce, "Ina kunun nan?" Ya shanye kofi guda, ya miƙa a ƙaro. Alhamdulillahi, Mai warkarwa ya warkar.

Saboda haka, Kubura, ki ɗauki benayen, ba laifi ba ne. Amma ki gaida tsofaffin da kika tarar a hanya, kuma ki riƙa sauke wayar nan ƙasa kaɗan. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce: da tsohuwar zuma ake magani.