Wanda Ya Rubuta Buƙatun Malamai

Shugaban jami'a ya wurga takardar a kan teburi har kofin shayi ya tuntsure.

"Wane mahaukaci ne ya rubuta wannan? Ɗalibai hamsin kacal a aji? Magani kyauta har da 'ya'yanku? Ai wannan fashi ne!"

Shugabar ƙungiyar malamai ta haɗiye fushinta. Wata huɗu ke nan suna yajin aiki, jiya ma an watso kayan malamai uku daga gidajen jami'a.

"Ranka ya daɗe, ko layi ɗaya ba za ka karɓa ba?"

"Ko wasali! Wanda ya tsara shirmen nan bai cancanci riƙe alli ba. Faɗi sunansa, yau zan sa hannu a takardar korarsa."

Ta zaro wata tsohuwar takarda daga jakarta, ta tura masa. Buƙatun ne, kalma da kalma, na shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin yana shugaban ƙungiya. Ga sa hannunsa ɓaro-ɓaro a ƙasa.

"Kwanan wata kawai muka canza," ta ce, ta miƙa masa biro. "Wacce za ka sa wa hannu, tamu ko ta korar?"