Baƙo a Ɗakin Mama

"Riƙe ta da kyau," in ji fasto, ya sake daka wa aljanin da ya ce yana jikinta tsawa.

Ɗanta, wanda tela ne, ya riƙe hannun mahaifiyar tasa, hannun da ya koya masa zura zare a allura. Shekara guda ke nan tana ɓoye takalma a tukunya, tana kiran matattu cin abinci. Ɗan ya yi azumi dominta har wando ya daina zama a ƙugunsa.

"Mama, ni ne fa. Ki ce amin."

Ta dube shi kamar baƙo, ta ce:

"Cikin sunan Yesu, fita daga gidana! Ɗana yana hanya."

Ya sake ta, ya fita. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, sannan ya ƙwanƙwasa a hankali, ko za ta gane shi wannan karon.