Maginiyar da Ta Ƙi Kai Tukwanenta Wuta

Barira, kin ce littafinki ya kammala tun bara, amma ba wanda zai karanta shi sai kin sake gyara babin farko. Zauna in ba ki wani misali.

A wani ƙauye na bakin fadama an yi wata maginiyar tukwane wadda hannunta ya fi na kowa. Al'adar matan garin ita ce gashi tare. Kowace ta kawo abin da ta gina, a jera a rami ɗaya, a lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, a cinna wuta. Wuta kuwa ba ta jin kunyar kowa. In akwai tsakuwa a ɓoye cikin yumɓu, sai a ji "tas!" daga cikin ramin, kowace ta yi tsit tana fatan ba tata ba ce. Wata rana randar maginiyar nan ce ta tsage, randar da ta fi ji da ita. Maƙwabciyarta ta ce, "Sannu Yaya, haka wuta take. Ni da take ci wa bibbiyu ai ban mutu ba." Maginiyar ta kwashe kayanta ta koma gida. Daga ranar ba ta sake kai kayanta rami ba.

Gini kam ba ta daina ba. Ta gina, ta shanya, ta kai ɗaki, ta zauna da ɗan dutse mai santsi tana gogewa. In an leƙo kiranta ranar gashi sai ta ce, "Ku je, da saura kaɗan." Ɗanyar tukunya ba ta riƙe ruwa, saboda haka ruwan shanta ma a karkataccen tulun maƙwabciyar take ajiye shi. Shekaru suka shuɗe, ɗakin ya cika har rufi: tukwane, randuna, tuluna, duk baki a buɗe suna fuskantar ƙofa. In iskar la'asar ta shigo ta taga sai su ɗauki wani gunji ƙasa-ƙasa, kamar na mata a gidan makoki. Mutane suka daina bin lungun. Ita kuwa cewa take tukwanen kiranta suke yi, kowace tana nuna mata inda ba ta gama gyarawa ba. Ta yi ta guga har jikin wasu ya koma kamar ɓawon ƙwai.

Wata damina azara ta ruɓe, rufin ya ɓurme, ruwa ya yini yana zuba a ciki. Da ya ɗauke, maƙwabta suka leƙa. Babu tukunya ko ɗaya. Jan taɓo ne malale a ƙasa, sai bakunan randuna da ba su gama narkewa ba, suna nutsewa a hankali. Tana zaune a tsakiya da dutsenta a hannu, tana goge wani curin laka.

Ba ta kai lokacin kaka ba, ta rasu. A garin, da tukwane ake rufe ramin kabari kafin a mayar da ƙasa. Masu haƙa suka aiko gidanta a ba su nata, tunda maginiya ce. Aka duba ɗaki da tsakar gida, ba a samu ko tsingaro ba. Da tukwanen maƙwabciyar aka rufe ta, karkatattu, masu tsaga da baƙin wuta a gindi.

Barira, rubutun da ba a karanta ba ɗanyar tukunya ne. Komai santsinsa, ba ya shayar da kowa, kuma ba ya jira har abada. Ba wa mutane shi su karanta. Wani babin zai tsage a hannunsu, za ki ji zafi, amma a tsagar nan za ki ga inda tsakuwar take, ki tsince ta kafin gini na gaba. Wannan gyaran da ba ya ƙarewa, shi Hausawa suka hango da suka ce: garin neman gira aka rasa ido.